Harbin da Bai Yi Hayaƙi Ba

A filin harbinmu na San Eligio kowa da aikinsa, nawa shi ne riƙe agogo. Ina tsayawa a bayan kafaɗar mai harbi, in danna agogon ya yi ƙara, shi kuma ya zaro bindiga ya hau farantan ƙarfe da harbi. Baƙi suna ɗauka lokaci nake ƙirgawa. Ina! Agogo ke wannan wahalar, ni saurare nake yi. Lafiyayyen harsashi yana da muryarsa. Wanda albarushinsa bai kama ba kuwa, ɗan tari kawai yake yi, dalmar ta tafi rabin bututu ta maƙale. In mai harbi bai lura ba ya aika wani a bayanta, sai abin da Allah ya yi. Aikina ke nan in ji wannan tarin, in daka tsawa in ce "Tsaya!" kafin yatsa ya riga ni.

Sunana Eufemia Sisneros, amma ranar Asabar ɗin wasa ba mai kirana haka. A nan kowa yana ajiye sunansa a mota, ya sa kayan kakanninsa na zamanin kaboyi, malafa da ƙaimi da doguwar riga, ya amsa laƙabinsa. Ni Gwaggo Barkono suke ce min, kuma ban ce ban ci sunan ba.

Ƙanena Delfino shi ne Baƙin Hadari. Baduku ne, kaf arewacin New Mexico ba wanda ya kai shi ɗinkin sirdi. Mahaifinmu bai bar mana gona ba, shi ya sa yakan kama hannun Delfino na dama ya ɗaga ya ce, "Ga gonarka nan, ka kula da ita." Abin da ya bari ban da wannan hannu shi ne bindigar kakanmu Abundio, ƙarama mai juyi, wadda ake ɗanawa da babban yatsa kafin kowane harbi. Ƙarfenta ya yi fari don tsufa. Da ita Delfino yake shiga wasa, kuma baƙin albarushi yake ɗura mata irin na dā, ya cika kwanso har baki. In ya harba, kai! Ƙasa ta amsa, hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙibiritu ya cika wuri, karnuka su shige ƙarƙashin motoci. Sai ya tsaya jiran iska ta ɗauke hayaƙin kafin ya ga faranti na gaba. Kullum yana cikin na ƙarshe, amma shi ake ɗauka hoto, kuma shekara da shekaru wannan ya ishe shi.

Ni kuma riƙe masa agogo hutu ne. Harbin da ya fita kowa ya ji, kowa ya gani. Wanda bai fita ba, ko makaho ya sani.

Sai ga Colby Renfro, wani likitan haƙori daga Albuquerque, wai shi Walƙiya. Rigarsa ta kanti, takalminsa mai tafin roba, bindigoginsa sababbi an goge cikinsu har sun yi laushi. Albarushin zamani yake amfani da shi, marar hayaƙi, shi ma ɗan mitsitsi, daidai abin da zai kai dalma faranti ta ce ƙwal. Ba ƙara, ba bugun hannu. Mu tsofaffi tusar ɓera muke ce wa irin wannan harsashi. Amma doka ba ta hana ba, kuma yaron, a faɗi gaskiya, yana da hannu. Kafin ka ƙifta ido ya gama ya mayar da bindiga kube.

To ga inda gizo ke saƙar. Ladan zakaran shekara a ƙungiyarmu ɗamarar bindiga ce ta fata, da kubenta biyu, kuma Delfino ke ɗinka ta. Al'ada ce, bayan an gama gasar lokacin kaka sai ya fito gaban jama'a da igiyar awo ya durƙusa ya auna ƙugun wanda ya ci. Shekara huɗu a jere ƙanena yana durƙusa wa Colby Renfro. A ta huɗun, yana fito da igiyar sai Colby ya ɗaga hannu yana dariya.

"Baba Delfino, huta da gwiwarka. Awon bara ma ya yi, ban ƙara teɓa ba. Ka ma yanka ta baɗi tun yanzu, kada aiki ya yi maka yawa."

Aka kwashe da dariya. Ba na jin da mugunta ya faɗa, bakinsa ne kawai ya fi hankalinsa sauri. Delfino ma ya yi dariyar, ya durƙusa ya auna. Amma na ga wuyansa ya yi jawur har cikin ƙeya.

Hunturu ya wuce, muka dawo fili a watan Afrilu. Delfino ya zo kan layi cikin kayansa na kullum, ga bindigar kaka a kube. Na danna agogo. Ya harba, sai na ji "fat". Ba tsawa, ba hayaƙi. Fat, fat, fat, fat. Kamar ka shiga ɗakin mahaifinka ka gaishe shi ya amsa da muryar wani. Karnuka ko kunne ba su ɗaga ba. Ranar ya zo na bakwai, mutumin da bai taɓa shiga cikin ashirin ba, aka yi ta buga masa kafaɗa.

Ranar Litinin da hantsi na tafi shagonsa, ban ko tsaya ɗumama masa wake da barkonon da na kawo ba. A ƙuryar shagon, bayan fatun, na tarar da sabon injin ɗura harsashi, irin mai hannu da ake ja, ga gwangwanin albarushin zamani a gefe.

Na ce, "Delfino, mene ne wannan?"

Ya ce, "Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Ina kwana. Mene ne wannan?"

"Abin da kika gani."

"A bindigar kaka? Kai, kanka ɗaya kuwa? Me Baba ya ce? Ƙarfen nan an ƙera shi tun ba a san albarushin zamani ba. Baƙin albarushi kawai take ci, ya faɗa ya nanata."

"Ɗan kaɗan nake sawa. Ko rabin abin da za ta iya ɗauka bai kai ba."

Ya ɗauko kwanso ya nuna min. Kwanson bindigar kaka babba ne, ya kusa kaurin yatsa, garin albarushin kuma can ƙasa, kamar gishirin da za ka barbaɗa wa ƙwai. Na leƙa na sake leƙawa, da ƙyar na gan shi. Da baƙin albarushi ba ka yin kuskure, in kwanso bai cika ba ido zai gani, in ka zuba sau biyu ya zube a tebur. Wannan kuwa ko an zuba sau uku akwai sauran wuri, in ba a zuba ba ma ba ka sani ba.

Na ce, "In gudu kake so, sayi sabuwa irin ta yaron, ka rataye ta kaka a bango."

"Don a ce Baƙin Hadari ya koma ɗan kanti? A'a. Da bindigar Abundio zan kayar da shi, cikin rigar Abundio. Ya san na gaske ma sun iya."

"Na gaske? Wace gaske ta rage? Ka cire mata murya ka bar gangar jiki. Taura biyu ba ta taunuwa, Delfino. Ko ka zama kaka, ko ka zama Colby."

"Yaya, ke dai ba kya son ki ga na yi gaba."

Wannan maganar ta ƙona min rai, har yau tana ƙonawa. Ni da na goya shi! Na haɗiye na ce, "Ji nan. Ba bindigar nake ji ba, hannunka nake ji. Ranar Asabar ban iya bambance harbinka lafiyayye da tari ba. Duk tari suke min. In ɗaya ya maƙale, da me zan sani?"

Ya ce, "Kunnenki ne ya tsufa."

Ina juyawa zan fita na ga fata a shimfiɗe a tebur, an yanka ta tsawon ɗamara, an fara zana mata furanni. Na san ƙugun Colby, duk garin nan an san shi. Wannan ta fi shi da kusan taƙi guda. Na dubi tumbin ƙanena, na dubi fatar, na fita.

Daga nan Asabar ta zame min azaba. Duk sanda Delfino ya hau layi sai in cire toshiyar kunne ɗaya, in matso har ina jin warin man fata a rigarsa. Fat, ƙwal. Fat, ƙwal. Tun da muryar bindiga ta daina gaya min komai, sai na koma sauraren amsar faranti. Amma ai mutum yakan kuskure faranti lafiya lau, shirun faranti ba shaida ba ne. Shi kuma sai ƙara sauri yake. Ya zo na biyar, ya zo na uku. Yatsansa ya riga ya ɗana na gaba tun na baya bai gama isa ba. Na daina cin abinci ranar wasa sai an tashi.

A watan Agusta abin da nake gudu ya zo ta wata hanya. Yana tsakiyar harbi mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa, na ji wani "fat" da ya fi sauran sanyi, faranti kuma ya yi shiru.

"Tsaya!"

Ya tsaya cak. Dokar fili ke nan, kuma ba ta da wasa: duk wanda ya ce tsaya, ko yaro ne ɗan kallo, kowa ya tsaya. Shugabanmu, tsoho Orval Teague, ya zo da wani siririn sandan ƙarfe ya zura a bututu. Sandan ya wuce sumul har ƙarshe. Ba komai a ciki. Kuskuren faranti ne kawai.

Aka ba shi damar sakewa, amma hannu ya riga ya huce, ya yi ta ɓarin harsashi a ƙasa. Colby ya jingina da shinge ya ce, "Baba Delfino, gobe ka ce Gwaggo ta zo da zanin goyo, in ka gaji ta ɗauke ka." Aka yi dariya. Na ce masa, "Kai ɗan nan, in ban zubar maka da haƙoran da kake taƙama da su ba ka canja min suna." Aka ƙara dariya, kuma na san dariyar ba Colby ake yi wa ba.

A wurin ajiye motoci Delfino ya tare ni, idonsa jawur.

"Kin ji daɗi? Tun ina yaro haka kike. Kada ka hau doki, kada ka shiga rafi, kada, kada. Shekarata hamsin da shida, Yaya!"

"Gara a yi maka dariya da yatsu goma."

"Kika ƙara tsayar da ni, ba ni ba ke."

Bai tsaya nan ba, ya kai ƙara wurin Orval. Orval ya same ni yana murza malafarsa a hannu, ya ce, "Gwaggo, kin san ba a son ɗan'uwa ya riƙe wa ɗan'uwa agogo. Mun yi ta kau da kai ne. A gasar kaka in Delfino zai hau, ni zan riƙe."

Na ce, "Kai? Orval, kunnenka na hagu ya mutu tun kana soja, na dama kuma yana jinya."

Ya ce, "Me kika ce?"

Ban san ko wasa yake ba. Ban yi dariya ba.

Gasar kaka ta zo a Oktoba. Itatuwan bakin rafi sun yi rawaya, matan ƙungiya suna gasa koren barkono a bayan rumfa, ƙamshi har kan titi. Sama tas, ba iska ko kaɗan, kuma ni ban so wannan shirun ba. Da safe na je na tsaya kusa da Delfino a teburin da ake loda bindiga. Ya buɗe akwatin harsasansa, an jera su layi-layi yadda suka fito daga inji, suna sheƙi. Na ce, "Ka girgiza kowanne a kunnenka tukuna." Ya yi kamar bango nake wa magana.

Ya yi harbi ranar, ban hana shi ba. Daga wannan wurin harbi zuwa wancan yana manne da Colby, har mutane suka bar sauran layuka suka taru suna bin su. Kafin wurin ƙarshe Orval ya duba lissafi ya ce tsakaninsu bai kai numfashi ɗaya ba. Wurin ƙarshen kuwa gaban wata mashayar katako ce da muka gina ta wasa, fuska kawai ba ɗaki, ana harbi ta tagarta. Colby ya shiga ya yi nasa, sai ga shi ya kuskure faranti ɗaya. Fili ya ɗauki sowa. In Delfino ya gama lafiya ba kuskure, ɗamarar tasa ce.

Ni ina bayan igiya tare da 'yan kallo. Na cire toshiyar kunnena duka biyu na riƙe a hannu. Orval ya tsaya a bayansa, ya juya masa kunnen hagu. Na ga wannan da idona.

Agogo ya yi ƙara. Fat, ƙwal. Fat, ƙwal. Na uku ya ce "tuf".

Wannan ba irin na Agusta ba ne. Ba faranti, ba ƙura a tudun baya, ba komai. Tari ne, tarin da nake saurare tun ranar da na fara riƙe agogo, kuma jikina ya san shi kafin kaina.

"Tsaya! Delfino, tsaya!"

Muryata ba ƙarama ba ce, ku tambayi kowa a San Eligio. Layin da ke can gefe suka sauke bindigogi. Matan rumfa suka juyo. Orval ma, kurman, ya ɗaga hannu zai kai kafaɗar Delfino. Na ga kafaɗun ƙanena sun zabura. Na ga kansa ya ɗan karkato wajena, kaɗan, babban yatsansa yana kan bindiga bai motsa ba. Na ce a raina, na gode Allah.

Sai yatsan ya ja baya.

Ƙarar da ta biyo ba ta baƙin albarushi ba ce mai amsa ƙasa. Siririya ce mai kaifi, kamar an sara ƙarfe da gatari. Wani abu ya wuce ta saman rufin mashayar yana fito. Delfino bai faɗi ba, bai yi ihu ba. Ya tsaya yana duban hannunsa, ya juya shi gaba da baya, kamar an miƙo masa kayan wani ya riƙe. Na tsallake igiyar, ni da gwiwata da ba ta hawa matakala. Na yage gyalen wuyana na ɗaure masa, jini yana bin hannun rigar kaka har gwiwar hannu. Colby Renfro ne ya fara isowa da akwatin magani, shi ya danne jijiyar har motar asibiti ta zo, fuskarsa fari fat. Wannan kam a yaba masa.

Daga baya Orval ya tsinto abin da ya rage. Dalma tana nan zaune a tsakiyar bututu. Ya buɗe sauran harsasan akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya gano yadda aka yi. Garin ɗan kaɗan ne, yakan maƙale a wuyan inji. Kwanso ɗaya ya wuce ba a zuba masa ba, na bayansa ya karɓi rabonsa da na ɗan'uwansa. Haka suka jeru a akwati, haka suka shiga bindiga, ɗaya na bin ɗaya. Ƙarfen kaka ya yi shekara ɗari da ɗoriya yana cin baƙin albarushi bai taɓa gardama ba.

Babban yatsa ya tafi, manuni ya tafi, na tsakiya saura rabi. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wasu na jira su ji na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ban faɗa ba. Ba ni da bakin faɗar wannan ga yaron da na goya.

Bayan an sallame shi, wata Laraba da rana, na kai masa abinci gida ban same shi ba. Yana shago, zaune a kan kujerar ɗinki, hannun naɗe a ƙirji. Ɗamarar tana matse a cikin katakon da ke riƙe fata, furanninta sun fito raɗau, an ɗinke ta har kusan rabi. Allurai biyu suna reto a ƙarshen zare, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, don ɗinkin sirdi da hannu biyu ake yin sa, kowace allura da hannunta. Ya kama ta hagun yana juyawa.

Na ajiye kwano. Tambaya ɗaya ce ke cina tun ranar, kuma na so ya yi min ƙarya. Na ma shirya masa ƙaryar da kaina.

Na ce, "Toshiyar kunnen nan taka mai kauri ce. Ga sowar mutane. Ba ka ji ni ba, ko?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji ki, Yaya."

Ya ƙara juya allurar, ya ci gaba.

"Ni ma na ji tarin. Hannuna ya tsaya, kin gani ai. Sai muryar ta iso, na gane taki ce." Ya saki allurar ta koma tana reto kusa da 'yar'uwarta. "Da Orval ne ya faɗa, ko wani yaro a bayan igiya, wallahi da na tsaya."

Na zauna a kan tarin fata. Abincin ya huce a tebur, ba wanda ya taɓa shi a cikinmu.